Targaɗe Ba Ƙaramin Ciwo Ba Ne: Mu San Jijiyoyin Da Ke Ɗaure Gaɓoɓinmu

Mu ɗauki misalin wani manomi da ke dawowa daga gona da yamma, ɗauke da buhu a ka. Ya taka gefen kunya, ƙafa ta lanƙwashe ta ciki, ya ji zafi har ƙwaƙwalwa. Kafin ya kai gida idon sawu ya kumbura. Maƙwabta suka taru suka duba, suka ce, "Ai da sauƙi, targaɗe ne, ba karaya ba." Aka kira wanda ya iya ja, ya ja ƙafar da ƙarfi, ya murza da man zafi, aka gasa da ruwan zafi. Bayan kwana uku mutumin ya koma gona, domin ciyawa ba ta jiran mai ciwo. Ba a yi sati biyu ba ƙafar ta sake lanƙwashewa a wuri guda. Kafin kaka ta zo, kuɗin da ya tanada na taki ya tafi wajen biyan 'yan ƙwadago.

Da wuya a sami ƙauyen da ba a san irin wannan labari ba. Abin da ya jawo shi kuwa shi ne rashin sanin abin da ke lalacewa a cikin jiki sa'ad da aka yi targaɗe. A wannan fitowa za mu yi bayani a kan jijiyoyin gaɓa: mene ne su, wane aiki suke yi, me ya sa suke jinkirin warkewa, da abin da ya kamata mu yi idan sun ji rauni.

Jijiya suna ɗaya, aiki daban

A Hausa kalmar jijiya tana ɗauke da abubuwa har huɗu, shi ya sa ake yawan rikicewa. Akwai jijiyar jini, wadda jini ke gudana a cikinta. Akwai jijiyar da ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da sauran jiki, wadda da ita muke jin zafi da sanyi. Akwai wadda ke haɗa tsoka da ƙashi, kamar agara da ke bayan diddige. Ta huɗu ita ce wadda ke haɗa ƙashi da ƙashi a gaɓa. A asibiti za ka ji ana ce mata ligamen. A nan za mu kira ta jijiyar gaɓa.

Baligi yana da ƙasusuwa 206 a jikinsa. Da ba a ɗaure su da juna ba, da mutum bai iya ko da zama ba. Ka dubi jinkar ɗaki. Komai ƙarfin sandunan, idan igiyar da aka ɗaure tanka da ita ta tsinke, iska kaɗan za ta watsa su. Ƙasusuwa su ne sandunan, jijiyoyin gaɓa kuma su ne igiyar. Akwai ɗaruruwansu a jiki, daga wuya har zuwa 'yan yatsun ƙafa.

Da me aka yi su?

Idan an yanka akuya ko sa, ka duba gaɓar ƙafa. Za ka ga wani farin abu mai tauri da ya riƙe ƙasusuwan, wanda sai wuƙa mai kaifi ke raba shi. Wannan ita ce jijiyar gaɓa, kuma ta mutum haka take. Wajen kashi 2 cikin 3 na nauyinta ruwa ne. Mafi yawan abin da ya rage kuwa wani sinadari ne mai suna kolajin, wanda yake jere zare-zare kamar igiyar rama. Shi ne ke narkewa idan an daɗe ana dafa ƙafar sa, har romon ya yi danƙo, ya daskare in ya huce.

Abu biyu ya kamata mu riƙe a nan. Na farko, jijiyar gaɓa ba roba ba ce. Tana miƙewa kaɗan ta koma, amma idan aka ja ta fiye da ƙima, zarurrukan sai su fara tsinkewa ɗaya bayan ɗaya. Na biyu, jinin da ke shiga cikinta kaɗan ne idan aka kwatanta da na tsoka ko na ƙashi. Jini ne ke kai kayan gyara duk inda aka ji rauni. Inda jini ya yi ƙaranci, gyara ma sai ya yi jinkiri. Wannan ne ya sa wani mummunan targaɗe yakan daɗe fiye da karaya kafin ya warke.

Ayyukansu guda uku

Aiki na farko shi ne riƙe ƙasusuwa a mazauninsu. Na biyu shi ne yi wa gaɓa iyaka. Gwiwa tana lanƙwashewa ta baya, amma ba ta lanƙwashewa ta gaba ko ta gefe, domin jijiyoyi sun tsare waɗannan hanyoyi. Aiki na uku mutane da yawa ba su san shi ba. A cikin jijiyar gaɓa akwai ƙananan jijiyoyin saƙo da ke sanar da ƙwaƙwalwa halin da gaɓa take ciki. Suna cikin abin da ke sa mutum ya yi tafiya cikin duhu a kan hanya mai gargada ba tare da ya kalli ƙafarsa ba. Da zarar ƙafa ta fara karkacewa, saƙo ya tafi, tsoka ta ja ta gyara. Idan jijiya ta yage, wannan saƙo yakan raunana. Shi ya sa ƙafar da ta taɓa yin targaɗe take saurin sake yi.

Wasu muhimman wurare

Idon sawu. Ta gefen waje akwai jijiyoyi 3, ta gefen ciki kuma akwai wata mai faɗi wadda ta fi su ƙarfi. Saboda haka yawancin targaɗen idon sawu ta waje ake yin sa, lokacin da tafin ƙafa ya juya ciki. Ta gaba daga cikin ukun nan ita ce ta fi yawan yagewa.

Gwiwa. Tana da manyan jijiyoyi 4. Biyu suna gefe da gefe, biyu kuma suna can tsakiya, sun gitta juna. Ta gaba cikin masu gittawar ita ce ke hana ƙashin ƙwauri zamewa gaba. Takan tsinke idan mutum ya kafa ƙafa a ƙasa ya juya jiki da sauri, ko ya diro daga sama ya sauka a karkace. Sau da yawa akan ji ƙara, gwiwa ta kumbura cikin 'yan awoyi, daga baya kuma ta riƙa sullewa mutum idan yana tafiya. Idan ta tsinke gaba ɗaya, da wuya ta haɗe da kanta. Masu kallon ƙwallo za su tuna Virgil van Dijk na ƙungiyar Liverpool, wanda ya tsinke wannan jijiya a watan Oktoba na 2020, aka yi masa aiki, bai sake buga wasa ba sai bayan wata tara. Jijiyar gefen ciki kuwa takan warke ba tare da aiki ba. Ita ce Asisat Oshoala ta ji wa rauni a wasan Najeriya na farko a gasar mata ta Afirka da aka yi a Maroko a 2022, abin da ya hana ta buga sauran wasannin gasar. Idan waɗanda ke da likitoci a gefensu dare da rana suna jiran makonni da watanni, ina ga mai komawa gona bayan kwana uku?

Ƙugu. A gaban gaɓar da ke haɗa cinya da ƙugu akwai jijiyar da ake ɗauka ta fi kowace ƙarfi a jiki. Ita ce ke taimaka mana mu tsaya a miƙe ba tare da tsoka ta gaji da wuri ba.

Kafaɗa. Ramin da ƙashin hannu ke zama a ciki ba shi da zurfi, jijiyoyinta kuma suna da sassauci domin hannu ya juya ko'ina. Wannan ya sa cikin manyan gaɓoɓi kafaɗa ce ta fi yawan gocewa, kuma idan ta goce wa matashi sau ɗaya, tana iya maimaitawa.

Ba a gaɓoɓin hannu da ƙafa kaɗai suke ba. Jijiyoyi ne ke ɗaure ƙasusuwan baya da na wuya. Kowane haƙori wata siririyar jijiya ce ke riƙe da shi a cikin raminsa. Mahaifa da hanta ma akwai abin da ke riƙe da su a wurinsu, kuma likitoci da wannan suna suke kiran sa.

Targaɗe, gocewa da karaya

Ya kamata mu bambance waɗannan uku. Karaya ita ce ƙashi ya tsage ko ya rabu. Gocewa ita ce kan ƙashi ya fita daga mazauninsa a gaɓa. Targaɗe kuwa jijiya ce ta miƙe fiye da ƙima ko ta yage, amma ƙashi yana nan a wurinsa. A lura da kyau: a targaɗe babu abin da ya fita da za a mayar. Idan aka ja ƙafar da ƙarfi, igiyar da ta fara tsinkewa ake ƙara ja.

Likitoci sun kasa targaɗe mataki uku:

1. Mai sauƙi. Jijiya ta miƙe, 'yan zarurruka kaɗan sun tsinke. Akwai zafi da ɗan kumburi, amma ana iya takawa. Yakan ɗauki sati 1 zuwa 3.

2. Matsakaici. Wani ɓangare na jijiyar ya yage. Kumburi ya fi yawa, jini yakan kwanta a ƙarƙashin fata, takawa na da wuya. Yakan ɗauki sati 3 zuwa 6.

3. Mai tsanani. Jijiya ta tsinke gaba ɗaya, gaɓa ta yi sako-sako. Wannan sai watanni, kuma dole ma'aikacin lafiya ya duba.

Warkewa ma mataki-mataki take zuwa. A kwanakin farko wurin yakan kumbura ya yi zafi, domin jiki na aika jini da kayan gyara. A makonnin da ke biye jiki yakan saƙa sababbin zarurruka, amma a hargitse suke, ba su da ƙarfi. Daga nan sai su riƙa jeruwa suna yin ƙwari a hankali, aikin da kan kai watanni, wani lokaci har shekara. Tarkon yana nan: zafi yakan tafi tun kafin ƙarfi ya dawo. Mutum ya ga ya daina jin ciwo, ya ɗauka ya warke, ya ɗora wa gaɓar nauyin da ba ta kai ɗauka ba.

Abin yi a kwana biyu ko uku na farko

1. A daina aikin nan take. Kada a ce bari a ƙarasa kunyar ko a gama wasan.

2. A sanyaya wurin. Idan akwai ƙanƙara, a naɗe ta a tsumma a ɗora na minti 15 zuwa 20, a maimaita bayan awa 2 ko 3. Kada a ɗora ta kai tsaye a fata. Inda babu ƙanƙara, tsumman da aka jiƙa da ruwan randa ma yana rage zafi.

3. A naɗe gaɓar da bandeji ko ƙyalle mai tsabta, daidai wa daida. Ya kasance yatsa na iya shiga ƙarƙashin ɗaurin. A sassauta shi da dare.

4. A ɗaga ƙafar a kan matashi ko buhu idan an kwanta, ta fi ƙirji tudu, domin kumburi ya sauka.

5. Idan zafi ya dame, a sha farasitamol bisa ƙa'ida. Magunguna irin su ibuprofen da diclofenac suna da haɗari ga mai gyambon ciki, da mai ciwon ƙoda, da mace mai ciki, don haka a tambayi ma'aikacin lafiya tukuna. A guji haɗin ƙwayoyin da ake ƙullawa a leda ba suna, a kuma guji tramadol.

A cikin waɗannan kwanaki kada a gasa da ruwan zafi, kada a murza, kada a ja, kada a yi tsaga ko ƙaho, kada a sha barasa. Zafi da murza suna ƙara zubar jini a ciki, tsaga kuma na buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa.

Wani likita ɗan Amurka mai suna Gabe Mirkin ne ya yaɗa wannan tsari na hutu, sanyi, ɗauri da ɗagawa a 1978. A 2014 shi da kansa ya yi gyara, ya nuna cewa yawan ƙanƙara da dogon hutu na iya jinkirta warkewa. Abin da ake koyarwa yanzu shi ne, sanyi don rage zafi ne kawai, hutu kuma na 'yan kwanaki ne. Bayan nan jijiya tana bukatar motsi domin sababbin zarurrukan su jeru daidai.

Bayan kwana uku

A fara motsa gaɓar a hankali, sama da ƙasa, sannan a kewaya. A fara takawa gwargwadon abin da za a iya jurewa, da sanda idan da bukata. Idan takawa ta daina ciwo, sai a koyi tsayuwa da ƙafa ɗaya kusa da bango, na daƙiƙa 30, sau da yawa a rana. In an ƙware, a gwada da ido a rufe. Wannan atisaye ba ya cin ko kwabo, amma shi ne ke maido da saƙon nan tsakanin gaɓa da ƙwaƙwalwa, kuma yana rage yawan sake yin targaɗe. Kada a koma ɗaukar kaya mai nauyi ko wasan ƙwallo sai mutum ya iya tsayuwa da ƙafar, ya yi ɗage, ya yi ɗan tsalle ba tare da ciwo ba. Sannu ba ta hana zuwa.

Yaushe za a tafi asibiti?

A 1992 wasu likitoci a birnin Ottawa na ƙasar Kanada suka fitar da wasu 'yan ƙa'idoji na gane raunin idon sawun da ke bukatar hoton ƙashi, kuma har yau ana amfani da su a ƙasashe da yawa. Biyun farko a jerin nan daga cikinsu suke. A tafi asibiti idan:

1. Mutum ya kasa yin taku 4 a kan ƙafar, ko da da ɗingishi.

2. Akwai zafi idan an danna kan ƙashin da kansa: bayan ƙashin idon sawu ko ƙarshensa, ta ciki ko ta waje, ko ƙashin gefen ƙafa da ke layin ƙaramin yatsa.

3. Gaɓa ta karkace ko ta canja kama.

4. Yatsu sun yi sanyi, sun canja launi, ko sun daina ji.

5. An ji ƙara a gwiwa, ta kumbura nan da nan, ko tana sullewa, ko ta ƙi miƙewa.

6. Akwai buɗaɗɗen rauni a kan gaɓar.

7. Raunin a wuya yake ko a baya. Irin wannan kada a tayar da shi zaune, kada a ɗora shi a babur. A kwantar da shi a kan abu mai faɗi da tauri, a riƙe kansa kada ya motsa.

8. An yi sati guda babu sauƙi.

Haka kuma gaɓar da ta kumbura ta yi zafi ba tare da an faɗi ba, musamman idan da zazzaɓi, ko ga mai ciwon sikila, ba targaɗe ba ne. A hanzarta kai shi.

A sani cewa hoton ƙashi ba ya nuna jijiya. Idan aka ce hoto bai nuna karaya ba, ba a ce babu rauni ba. Likita yakan gane yagewar jijiya ta hanyar gwada gaɓar da hannu, in da bukata kuma a yi hoton na'urar MRI a manyan asibitoci. Masu bukatar aiki akan tura su wurin likitocin ƙashi, kamar Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano.

Maganar masu ɗori

Masu ɗori mutanenmu ne, suna kusa da mu, kuma su ne farkon waɗanda ake nema a ƙauyuka da yawa. Ba mu zo don mu raina sana'ar kowa ba. Amma akwai haɗari ɗaya da ya wajaba kowa ya sani. Gaɓar da ta ji rauni tana ci gaba da kumbura har kwana biyu ko uku. Idan aka ɗaure ta tam da kara da igiya, kumburin ba shi da wurin zuwa, sai ya toshe hanyar jini. Cikin 'yan awoyi tsoka za ta fara mutuwa, kuma likitocin ƙashi a Najeriya sun sha yanke hannu ko ƙafa saboda haka, yawanci ma na yara. Idan bayan ɗauri ciwo na ƙaruwa maimakon raguwa, ko yatsu sun kumbura, sun yi sanyi, sun daina motsi, a kwance ɗaurin nan take a nufi asibiti. Kada a jira gari ya waye, kada kuma kunyar mai ɗori ta hana.

Yara da mata masu ciki

A jikin yaro, wurin da ƙashi ke tsiro kusa da gaɓa ya fi jijiya rauni. Saboda haka abin da zai zama targaɗe ga babba, ga yaro yana iya zama karaya a wurin tsiron, wadda in ba a kula ba za ta iya karkatar da ƙafa ko ta rage mata tsawo. Yaron da ya faɗi ya ƙi taka ƙafa, a kai shi a duba.

Iyaye mata da yayye, a daina fizgar ƙaramin yaro ta hannu ɗaya, ko a ɗaga shi da hannu ɗaya zuwa baya. A ƙasa da shekara 5, jijiyar da ta zagaye kan ƙashi a gwiwar hannu ba ta gama ƙwari ba, tana iya zamewa. Yaron zai saki hannun ya ƙi amfani da shi. Ma'aikacin lafiya da ya san abin yakan gyara cikin ɗan lokaci. A riƙa ɗaukar yaro ta hammata biyu.

Mace mai ciki kuma jikinta na fitar da sinadaran da ke sassauta jijiyoyin ƙugu domin shirin haihuwa. Wannan, tare da nauyin ciki, shi ke kawo ciwon baya da na ƙugu. Maigida, idan ta ce ba za ta iya ɗaukar tulu ko damin itace ba, ba lalaci ba ne. A rage mata kaya, har zuwa 'yan watanni bayan haihuwa. Amma ciwon mara mai tsanani, ko wanda ya zo da jini ko zazzaɓi, na asibiti ne.

Rigakafi

A sa takalmin da ke riƙe ƙafa idan za a shiga gona ko hanya mai duwatsu, domin silifa ba ta tsare komai. A cike ramukan tsakar gida da na filin ƙwallo. A riƙe tocila da dare. A raba kaya gida biyu maimakon ɗauka lokaci guda. Matasa su ɗumama jiki kafin wasa, musamman 'yan mata, domin jijiyar tsakiyar gwiwa ta fi saurin tsinkewa a wurinsu fiye da maza. Jiki yana bukatar abinci mai gina jiki da bitamin C kafin ya saƙa kolajin, kuma muna da su a kusa: wake, gyaɗa, ƙwai, kifi, gwaiba, lemu, tumatir, zogale da 'ya'yan kuka. Taba kuwa tana jinkirta warkewar kowane rauni.

A ƙarshe, idan maƙwabci ya yi targaɗe a tsakiyar damina, taimakon da ya fi shi ne a haɗa masa gayya a nome gonarsa, shi kuma ya ba ƙafarsa makonnin da take bukata. Wanda ya karanta wannan bayani ya karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba, a gida da wurin taron ƙungiya. Allah ya ƙara mana lafiya.